Tsakanin Lome da Akara: lissafin baƙo da lissafin ɗan gari

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Wannan karin magana shi ya kai ni bakin teku bayan daminar 2025, na kwana tara tsakanin Lome babban birnin Togo da Akara babban birnin Gana, da ɗan littafi cikin aljihu ina rubuta farashin ɗaki, da na abinci, da na wuta, sai ka ce wani ma'aikacin duwan.

Ga mafarin zancen. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya gama jami'ar Yamai, yake zaune a wani ɗaki cikin gidanmu na Maraɗi yana yi wa wani kamfanin Faransa aikin kwamfuta ta intanet. Bai taɓa ganin ubangidansa ido da ido ba, amma duk ƙarshen wata ana aiko masa da yuro 900, wato kimanin jika 590 na kuɗinmu. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke mana wuta, kuɗi kuma suka maƙale a bankuna. Yaron nan ya yi ta saɓa alkawarin aiki har saura ƙiris a sallame shi. An maido da wuta a watan Maris na 2024, amma tsoro bai bar zuciyarsa ba. Ran nan ya same ni ya ce: “Yaya, ni dai gaɓar teku zan koma, ko Lome ko Akara.” Da maganar ta kai kunnen Baba, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni ya kira ya ce: “Tunda aiki zai kai ka Lome, ka ƙarasa Gana, ka gano mini inda yaron nan yake son jefa kansa.”

Fataken da ba su da jakai

Irin su ƙanena sun yi yawa a duniya tun daga annobar korona ta 2020, lokacin da kamfanoni suka gane cewa ma'aikaci yana iya aiki ko daga ina. Turawa suna kwatanta su da makiyaya, don ba su da mazauni ɗaya. Ni kuwa fataken intanet nake ce musu. Ƙasashe da dama sun buɗe musu biza ta musamman: Estoniya da Moris da tsibiran Kap-Ber a 2020, Namibiya da Portugal a 2022. Ban da su akwai baƙin da muka saba gani, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da bankuna da ƙungiyoyin agaji, waɗanda a kan biya wa gida da mota da makarantar yara. Da Faransanci ana ce wa waɗannan “expatriés”. Mu kuwa in mun je ƙasarsu neman abinci, sunanmu “immigrés”. Tafiya ɗaya, suna biyu.

Mu dai wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun bi ta da jakai, suka kai kanwa da fata da baƙin tufafi Salaga ta ƙasar Gwanja, suka komo da goro. Bayansu ƴan ci-rani suka bi sawu zuwa Kumashi da Akara, wadda tsofaffinmu har yau Ankara suke ce mata. Jean Rouch ya ɗauki labarin irin wannan tafiya a fim ɗinsa Jaguar, wanda ya soma a 1954 da samari uku ƴan Nijar. Sai dai akwai bambanci babba. Falken jiya yana zuwa inda kuɗi suke ya nemo, ya ƙuntata wa cikinsa don ya kawo guzuri gida. Falken intanet kuwa da kuɗinsa yake tafe, abin da yake nema shi ne garin da kuɗin za su fi auki. Shi ya sa tambayarsa ta farko kullum ita ce: ina ya fi araha?

Lome, birni mai ƙafa ɗaya a kan iyaka

Ta jirgin sama na shiga Lome, don hanyar mota ta Burkina ba ta da tabbas saboda rashin tsaro. Birni ne shimfiɗe a bakin teku, da doguwar kwalta mai itatuwan kwakwa, da otel ɗin 2 Février da ya yi wa sauran gine-gine zarra. Nan ne hedkwatar Ecobank, da ta bankin raya Afirka ta Yamma BOAD, da ta kamfanin jiragen Asky. A babbar kasuwar Adawlato har yanzu ana ba da labarin Nana Benz, matan da suka yi arziki da atamfa har suka riƙa hawa Marsandi tun kafin ministoci da yawa. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya masu yawa na ƴan kasuwarmu suka koma sauka a tashar jiragen ruwan Lome, saboda haka ba ka rasa jin Hausar Maraɗi ko ta Tawa a bakin tasha.

A Agoè-Zongo na sauka, can arewacin gari, wurin wani dattijo abokin Baba. Shi ya ba ni labarin yadda aka rushe tsohon zangon da ke tsakiyar birni a 1977 aka kwaso su zuwa nan, lokacin wurin daji ne. Yau gari ya cim musu har ya wuce.

Washegari ɗansa ya haɗa ni da dillalin gidaje. Kafin ya tada babur sai da na biya kuɗin gani, ya kuma faɗa mini cewa in an daidaita, ladarsa hayar wata guda ce. A unguwannin arewa ya nuna mini ciki da falo mai makewayi a ciki, ana neman jika 40 a wata. A Baguida da Avépozo, gabas da tashar jiragen ruwa inda baƙi suke so saboda iskar teku, gida mai kujeru da gado da na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke ce wa kilim, an ce mini jika 250 zuwa 350. Game da kafin-alƙalami, gwamnatin Togo ta kafa doka a watan Janairu na 2022 cewa a Lome da kewayenta kada kuɗin ajiya ya wuce na wata uku, na gaba ma kada ya wuce na wata uku. Dillalin ya yi murmushi ya ce dokar tana nan, amma mai gida ma yana nan. Duk da haka, a gidajen da na gani, wanda ya fi tsauri wata shida ya nema.

Abinci kuwa ba ya tada hankali. Da dala ɗari tamu na ci shinkafa da wake da suke kira ayimolu, har da ƙwai da ɗan kifi. Kabu-kabunsu, wanda suke ce wa zemijan, da dala 60 zuwa 100 yakan kai ka yawancin wurare. Garin bai da faɗin da zai cinye maka yini a hanya. Wanda kuwa ya ce shi sai cukun Faransa da man zaitun na manyan kantuna, to ya shirya biyan farashin Paris har da ladar jirgin ruwa.

Taku kaɗan, wata duniya

Abin mamaki da Lome shi ne iyakar Gana tana cikin gari. Daga unguwar Kodjoviakopé ƙafa za ta kai ka ƙofar Aflao. Ka nuna fasfo da katin rigakafin shawara, ka taka ƴan taku, sai Faransanci ya ɗauke, Ingilishi ya kama, ko da yake mutanen ɓangarorin biyu Ewe ne, harshensu ɗaya, danginsu ɗaya. Turawan mulkin mallaka ne suka ja layi a tsakar gidansu. Ƴan canji sun yi layi da damman kuɗi a hannu, da yawansu ƴan uwanmu ne. A lokacin, sidi ɗaya yana kusan dala goma tamu. Daga nan zuwa Akara bai kai kilomita 200 ba, amma sai da muka yi fiye da awa huɗu, don daga Tema zuwa cikin gari mota tafiyar hawainiya take yi.

Akara ba sa'ar Lome ba ce. Manyan gadoji, dogayen benaye na gilashi, kantuna masu faɗin kasuwa guda, da cunkoson motoci tun daga asuba. Google ya buɗe cibiyar bincikensa a nan a 2019, sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka kuma ta zauna nan a 2020. A Nima na sauka, unguwar da Hausa take harshen kasuwa da masallaci, kusa da babban masallacin ƙasa na Kanda wanda aka buɗe a 2021. Da safe na sha koko da ƙosai, da rana na ci abin da duk Gana take kira waakye, wanda ba komai ba ne illa shinkafa da wakenmu da sunan ya lanƙwashe a bakin mutane. Tuwon zafi ma ya zama abincin ƙasa. Sai dai faranti ɗaya na waakye da nama da ƙwai sidi 30 na biya, jika ɗaya da rabi ke nan, ninki uku na abin da na biya a Lome.

Dala da dala

A nan ne na sha kunya. Wani saurayi ɗan Nima mai dillancin gidaje ya kai ni Cantonments, unguwar ofisoshin jakadanci, ya nuna mini gida mai ɗaki biyu a bene, da wurin wanka na iyo da mai gadi da injin wuta. Na tambayi haya da Hausa, ya amsa da Hausa: “Dala dubu ɗaya da ɗari biyar a wata, yallaɓai.” Kan in ankara, kaina ya buga lissafin gida: dala 1.500 ai jika bakwai da rabi ke nan! Har na buɗe baki zan ce a ba ni biyu. Sai na tuna cewa dalarsa ta Amurka ce, ba tamu ta tamma biyar ba. Kuɗin ya haura jika 800, wato albashin ƙanena gaba ɗaya bai biya ba. Lalle hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Haka abin yake a Osu da Labone da East Legon da unguwar filin jirgi. Babban bankin Gana ya sha jan kunne cewa doka ta hana sa farashi da kuɗin waje ba da izini ba, amma a waɗannan unguwanni da dalar Amurka ake tunani ko da sidi za a karɓa.

Da na ce masa mu sauko ƙasa, sai ya kai ni Madina. Can na ga ciki da falo mai kyau a sidi 1.200, kimanin jika 60. Na ce to, wannan bai fi na Lome da yawa ba. Sai mai gidan ta ce hayar shekara biyu take so a dunƙule. Dokar haya ta Gana, ta tun 1963, ta ce kada a karɓi fiye da wata shida, amma neman shekara ɗaya ko biyu ya zama al'ada. Ku buga da kanku: sidi 28.800, kusan sefa miliyan ɗaya da rabi, kafin mutum ya shimfiɗa tabarma. Falken da yake taƙama da cewa ko yaushe yana iya naɗe kayansa ya tashi, ga shi an ɗaure masa ƙafa shekara biyu. Wanda bai yarda da ɗaurin ba sai ya koma gidajen kwana-kwana da ake kamawa ta intanet, su kuwa farashinsu na masu yawon buɗe ido ne.

Sufuri yana da fuska biyu. Ƙananan bas da suke kira tiro-tiro suna da araha ƙwarai, amma sai mai haƙuri. Motocin da ake kira ta waya, irin su Uber da Bolt, sun fi daɗi, amma in mutum ya saba da su sai ya tarar sun ci masa hayar wani ɗaki. Kowanne ka hau, cunkoso ɗaya ne.

Kuɗi mai rawa da kuɗi mai ɗaure

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan ƙasa mai motsi, don sidi ba ya zama wuri ɗaya. A 2007, da Gana ta goge sifiri huɗu daga kuɗinta, sabon sidi ya kusan yin kai ɗaya da dalar Amurka. A farkon 2022 dala tana sidi 6. Kafin ƙarshen Nuwamba ta doshi 15. A Disamba na wannan shekara hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje, sai a Mayu na 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya amince da ba ta dalar Amurka biliyan 3. Wannan lokaci baƙin ciki ne ga malamin makaranta da ɗan fansho, amma ga baƙo mai albashin dala kaka ce ta yi kyau: yana barci kuɗinsa suna haihuwa.

Sai reshe ya juye da mujiya. Tsakanin Afrilu da Yuni na 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta faɗo daga 15 da ɗoriya zuwa 10 da ɗoriya. Cikin wata biyu baƙo ya rasa sulusin abin da yake canzawa, alhali mai waakye ba ta rage ko kwabo ba. Wani Bajamushe da na tarar a wani ɗakin aiki na haya a Osu ya ce mini ya zo Akara don araha, yanzu kuwa yana duba taswira.

Sefa kuma ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya a kan 655,957. Muna da ƙorafi mai yawa a kan wannan ɗauri, kuma waɗanda suka ga ranar 12 ga Janairu 1994, da aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi, sun san ba a rantsuwa da ita. Amma ga mai karɓar albashi da yuro, amfaninta a fili yake: abin da ya lissafa a Janairu shi zai tarar a Disamba. Ga ɗan Nijar akwai ƙari, don takardar jika goma da ke aljihunsa a Lome ita ce dai ake karɓa a kasuwar Maraɗi. A Gana kuwa sai ya canza yuro zuwa sidi, in zai aika gida ya sake canza sidi zuwa sefa, ɗan canji ya ci gaba ya ci baya.

Wuta, waya, da bakin magana

Tunda wuta ce ta kori ƙanena, na bincika ta da kyau. Gana tana da madatsar Akosombo tun 1965, duk da haka ta sha shekarun da suke kira dumsor, wato kashe-kunna, wanda ya fi tsanani a 2015. Togo kuwa tana sayen wani babban kaso na wutarta daga Gana da Najeriya, kamar yadda muke saye, kuma a 2024 Lome ta sha ɗauke wuta na watanni. Mai ɗebo ruwa a rijiyar maƙwabci shi ke fara kwana da ƙishi ranar da ta ja baya. Ke nan ko ina mutum ya zauna, sai ya tanadi batir ko injin, ya sa kuɗinsu cikin lissafi. Kilim ma, a zafin gaɓar teku mai ɗanɗanon gishiri, yana shan katin wuta kamar raƙumi ya samu tafki.

Wajen intanet, katin waya ya fi auki a Gana bisa abin da na gwada, kuma Starlink ya soma aiki can a Agusta 2024. Amma Lome ba ta baya: a Maris 2022 wayar ƙarƙashin teku ta Google mai suna Equiano ta fara taɓa ƙasar Afirka a nan, kuma mai masaukina yana biyan wajen jika 15 a wata don intanet na gida. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka tsinke a teku har Gana ta yi kwanaki cikin wahala, Equiano ba ta cikinsu.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar farashi. Gida ɗaya ke mulkin Togo tun 1967. A Satumba 2017 hukuma ta rufe intanet lokacin zanga-zanga, har kotun CEDEAO ta yanke hukunci a 2020 cewa rufewar ta saɓa doka. A Yuni 2025 ma an yi zanga-zanga a Lome har aka rasa rayuka. A Gana kuwa mulki ya sauya hannu ta akwatin zaɓe a 2000 da 2008 da 2016 da 2024, kuma in ka kunna rediyo da safe za ka ji ana wanke shugaban ƙasa tas. Ga ɗan jarida irina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga wanda abincinsa yake rataye da intanet, rufewar mako guda tana iya cinye arahar shekara.

Wa ke biyan arahar baƙo?

A 2019 Gana ta yi shelar Shekarar Komowa, cikar shekara 400 da kai bayin Afirka na farko Virginia, ta gayyaci jikokinsu su dawo gida. Sun amsa. A 2024 mawaƙi Stevie Wonder ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, a Nuwamba na shekarar kuma aka ba mutum 524 a rana ɗaya. Na zauna da wata baiwar Allah baƙar fata daga Amurka a wani gidan shayi a Osu. Ta ce a garinsu rabin albashinta haya ke ci, kuma a nan ne karo na farko da ta yi tafiya a titi ba wanda ya dubi launin fatarta. Na gaskata ta, na kuma ji tausayinta.

Amma yaron da ya kawo mana shayin, da na ja shi da hira, ya ce daga Kasoa yake zuwa, yana tashi tun kafin kiran assalatu don ya riga cunkoso. A Osu aka haifi mahaifinsa. A 2025 mafi ƙarancin lada na doka a Gana sidi 19,97 ne a yini, kimanin jika guda. Shayi biyu da muka sha sun fi haka nesa. A Togo mafi ƙarancin albashi jika 52 da rabi ne a wata tun Janairu 2023, wato gidan Baguida da baƙo yake ce wa araha albashin lebura biyar ne ko shida. Ba zan ɗora wa baƙi laifin duka ba, don ƙarancin gidaje ya riga su zuwa, kuma ƴan ƙasa mazauna Turai da attajiran gida su ma suna tada farashi. Sai dai mai gida da ya ɗanɗana dala ba ya sake duban malamin makaranta. Abin da baƙo ya kira araha, wani ne ya matsa masa wuri.

Mu ma kada mu manta matsayinmu. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardunmu da barinmu shige da fice har sai an sake shawara, amma abin da aka ba ka “har sai an sake shawara” aro ne. Da Togo kuwa muna tare cikin UEMOA. Wani tsoho a Nima ya tuna mini da Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, dubban ƴan Nijar da ƴan Najeriya suka sayar da kayansu a wulaƙance suka hau manyan motoci. Ya ce: “Ɗana, ka faɗa wa ƙanenka ya gyara takardunsa tun ana dariya. Baƙo raɓa ne.”

Abin da na kai wa Baba

Da na komo Maraɗi, bayan sallar isha muka zauna mu uku a zaure, na buɗe littafina. Na ce wanda ake biya da dalar Amurka mai kauri, yana jin Ingilishi, yana neman abokan sana'a da manyan kamfanoni da gari mai motsi dare da rana, Akara ce tasa, amma ya daina kiranta mai araha, kuma ya san cewa kuɗinsa suna iya kumbura ko su motse ba da saninsa ba. Wanda ake biya da yuro, Faransanci ne harshen aikinsa, albashinsa bai kai miliyan ba, Lome ta fi masa sauƙi a haya da abinci da sufuri da canji. Da jika 250 zuwa 300 saurayi marar iyali zai zauna da mutunci in ya yarda ya ci abin da ƴan gari suke ci. Na ƙara da gargaɗi guda: ɗan Maraɗi mai ɗaki a Lome ba ya kwana shi kaɗai, don duk wanda ya zo fitar da mota ko kaya a tasha, masaukinsa ya samu. Wannan haraji ba ya cikin lissafin Bature, amma yana cikin namu.

Sannan na buɗe shafi na uku, wanda ba wanda ya aike ni shi. Kuɗin jirgi da na ajiya da na dillali da na kayan ɗaki, in an haɗa su, sun isa sayen faifan hasken rana da batir masu riƙe kwamfuta da fanka dare da rana a ɗakinsa na nan gida, ga shi Starlink ya soma aiki a Nijar tun Maris 2025. Ƙanena ya ce: “Yaya, ba wuta kaɗai ba ce. Ina son in zauna inda zan ga masu irin aikina, in koyi abin da ban sani ba.” Ban iya musa masa ba, don ni ma da ban fita ba da ban rubuta wannan ba.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce: “Na ji kuɗin ɗaki, na ji kuɗin shinkafa. A cikin littafin nan naka, nawa ka rubuta na zuwa jana'izata?” Zaure ya yi tsit. Ba ni da wannan layi a littafina, kuma ban ga dillalin da zai faɗa mini farashinsa ba.

An dai tsaya a kan wata shida a Lome, a hannun abokin Baba na Agoè-Zongo, da sharaɗin azumi da salla a gida. In wa'adin ya cika za a sake zama. Ku kuma samari masu irin wannan niyya, ku yi lissafinku da alƙalami tun kafin ku ɗaure kaya, ku bar fili a ƙasan takarda don abin da ba a saye da sefa ko sidi. Allah ya tsare matafiya, ya maido kowa gida lafiya. Sai wani mako in Allah ya kai mu.